Kofin Jamus mai ɗauke da shekarar 1665: na asali ne ko kwaikwayo?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a kudancin Jamus ya aiko mini da hotuna huɗu na wani babban kofi da ya saya a kasuwar tsofaffin kaya. Kofin gajere ne mai faɗin ciki, launinsa ruwan ƙasa mai duhu, yana da mariƙi da murfin ƙarfe mai tsini, an kewaye jikinsa da siffofin mutane goma sha biyu masu riguna kala-kala da ɗan rago a tsakiyarsu, sannan an rubuta 1665 da farin launi. Yana son ya san wane irin abu ne ya saya, ko shekarar da ke jikinsa gaskiya ce, yadda aka sanya masa launin, da kuma ko zai iya wanke shi ya riƙa shan ruwa da shi.

Malam, na gode da amanar da ka ba ni, kuma zan fara da abin da ya fi damunka don kada in bar ka cikin zullumi. Siffar kofin naka ta Creussen ce, wani ƙaramin gari na Jamus da ya shahara da irin waɗannan kofuna, babu tantama a kan wannan. Amma abin da na gani a hotunan ya fi karkata zuciyata ga cewa an yi shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, a matsayin kwaikwayon na ƙarni na 17. Shekarar da aka rubuta a jikin irin waɗannan kofuna ita ce shaida mafi rauni a cikin duk shaidun da muke dubawa, domin mai kwaikwayo da ya iya kwafo mutane goma sha biyu, rubuta lambobi huɗu ba zai gagare shi ba. Kafin in kawo dalilaina, ya kamata ka san yadda ake yin na asalin, saboda duk alamomin da za mu nema daga hanyar aikin suka samo asali.

Jikin kofin shi ne Jamusawa ke kira Steinzeug, wato yumɓun da aka gasa har ya koma tamkar dutse. Tulu da randa irin namu ana gasa su ne da wuta mai sauƙi, shi ya sa suke tsatsafar da ruwa, kuma wannan tsatsafar ce take sanyaya ruwan randa. Shi kuwa wannan yumɓun ana kai shi zafin da ya kama daga digiri 1200 zuwa 1300 a ma'aunin Selshiyos, inda ƙwayoyinsa suke narkewa su manne da juna, ruwa ba ya ratsa shi ko da ba a shafa masa komai ba, kuma idan ka ƙwanƙwasa shi da farce za ka ji ƙara mai tsini. Wanda ya taɓa ganin ayyukan Ladi Kwali na bayan shigarta cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, ya ga irin wannan gashi. Maginan yankin kogin Rhein, musamman na Siegburg, sun ƙware a kansa tun wajen ƙarni na 14, sannan aka ƙara masa dabarar gishiri: idan wuta ta kai ƙololuwa sai a watsa gishiri cikin tanderun, ya zama tururi, sinadarin da ke cikinsa ya haɗu da yashin da ke cikin yumɓun, sai wani siririn rufi na gilashi ya lulluɓe tukunyar. Wannan rufi yakan bar ƙananan ramuka masu kama da bayan ɓawon lemo, a wasu wuraren su fito sosai, a wasu kuma sai an karkata kofin ga haske.

Yawancin kayan Jamus na wannan rukuni ba su da launuka kala-kala irin waɗanda kake gani a naka. Tulunan Frechen da Kolon masu fuskar mai gemu a wuya ruwan ƙasa ne zalla, na Siegburg fari-fari ne, na Raeren, wanda yau yake cikin Beljiyam, ruwan ƙasa mai sheƙi. Na Westerwald kuwa ruwan toka ne da adon shuɗi, daga baya aka ƙara shunayya, kuma dalilin tsayawa a kan waɗannan launuka biyu shi ne sinadaran kobal da manganis suna cikin ’yan kaɗan da ke jure wutar gashin gishiri. Ana shafa su ne kafin a gasa, don haka a cikin rufin gilashin suke, ba a kansa ba. Waɗannan ne ’yan kasuwar Holan da Ingila suka baza a duniya, har an tono gutsattsarinsu a tsohon garin Elmina da ke gaɓar tekun Ghana. Naka ya fito ne daga wani reshe dabam, ƙarami kuma mai tsada tun a zamaninsa.

Creussen ƙaramin gari ne a arewacin jihar Bavariya, kusa da Bayreuth, a yankin da ake kira Franken. A farkon ƙarni na 17 maginan garin, waɗanda iyalin Vest suka fi shahara a cikinsu, suna yin kofuna masu ruwan ƙasa da ado mai tudu. Ana sassaƙa siffar mutum a cikin wani ɗan faranti, wanda zan kira hatimi, a danna ɗanyen yumɓu a ciki, a ɓamɓaro shi, a manna a jikin kofin tun bai bushe ba. Daga wajen shekarun 1620 aka fara bin waɗannan siffofi da launi, kuma fasahar ta zo ne daga masu yin gilashi na tsaunukan Fichtelgebirge da ke makwabtaka da garin, waɗanda suka daɗe suna zana kofunan gilashi da irin wannan launi. Wannan launi garin gilashi ne mai saurin narkewa, wanda aka haɗa da sinadaran ƙarafa: kobal don shuɗi, jan ƙarfe don kore, tsatsar baƙin ƙarfe don ja, kuza don fari, sannan rawaya. Ana kwaɓa garin, a zana da siririn buroshi a kan kofin da aka riga aka gama gasawa, sai a mayar da shi wani ƙaramin tanderu a rufe, inda harshen wuta ba ya taɓa shi, a zafin da ke tsakanin digiri 700 da 800. Garin ya narke ya kama jikin kofin, amma bai nutse ciki ba. Idan ka tuna kwanonin jere na ɗakin iyayenmu mata, masu furanni, waɗanda idan suka faɗi sai fentin ya ɓalle baƙin ƙarfe ya bayyana, to dangi ɗaya ne, gilashi ne aka narkar a kan wani jiki, sai dai can a kan ƙarfe, nan kuma a kan gasasshen yumɓu.

Wannan gashi na biyu shi ya sa kayan suka yi tsada, domin kowane kofi yana bi ta hannun magini, da mai zane, da maƙerin da zai yi masa murfi, kuma a kowane mataki yana iya lalacewa. Masu sayensu attajirai ne, da manyan ma'aikatan hukuma, da malaman coci, da shugabannin ƙungiyoyin sana'a, galibi don kyautar aure ko tunawa da wani muƙami. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne sana'ar ta bunƙasa ne a daidai lokacin Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya ragargaza ƙasashen Jamus da kisa da yunwa da annoba, yankin Franken kuma yana cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu. Duk da haka aka samu masu zama su ɗiga fararen ɗigo ɗaya bayan ɗaya a bakin rigar wani waliyyi da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Mutanen da ke jikin kofinka manzannin Yesu Almasihu ne su goma sha biyu, waɗanda Musulmi suka sani da Hawariyawan Annabi Isa, kuma Jamusawa suna kiran irin wannan kofi Apostelkrug. Ana gane kowanne da abin da yake riƙe da shi: Bitrus da mabuɗi, Andarawus da gicciye mai siffar alamar sau, Yohanna da ƙoƙon sha, Bartalamawas da wuƙa, Siman da zarto. Ɗan ragon da ke tsakiya alama ce ta Almasihu a wurin Kirista. Akwai kuma kofunan farauta, masu karnuka da barewa da mahaya, da na masu zaɓen sarkin Daular Rum Mai Tsarki, waɗanda dokar 1356 ta tsayar da su bakwai, da na ma'aurata, da masu tambarin gida. Waɗanda na fi so su ne na taurari, masu ɗauke da Zuhalu da Mushtari da Mirrihu da Rana da Zuhura da Uɗaridu da Wata, kowanne a siffar mutum. Malaman hisabi na ƙasarmu za su gane wannan jeri nan take, domin tsohon lissafi ɗaya ne da Turawa da Larabawa suka gada, wanda ke ƙidaya rana da wata a cikin taurari bakwai masu tafiya. A tsakanin siffofin akan zana ƙananan fararen furanni masu kama da ƙararrawa, sama da ƙasa kuma a ja ɗamara mai adon sarƙa ko ganye, wani lokaci da sunan mai kofin ko wata gajeriyar addu'a.

Akwai garuruwan jihar Saksoni da suka yi aiki mai kama da wannan. Kayan Freiberg ruwan toka ne, an yayyanka jikinsu da wuƙa kamar raga, aka ɗiɗɗiga musu launi. Akwai kuma wasu baƙaƙe-baƙaƙe masu siffar kwalba, da adon ganyen dabino, waɗanda aka daɗe ana danganta su da Annaberg, sai binciken tono ya nuna cewa a Dippoldiswalde aka yi su. Har yanzu za ka ga dillalai suna rubuta tsohon sunan. Na kawo wannan ne don ka ga cewa ko masana sukan gyara hukuncinsu idan ƙasa ta fitar da shaida.

Sana'ar Creussen ta ja baya a farkon ƙarni na 18 har ta mutu wajen shekarun 1730. Masana'antun fararen kayan tangaran sun buɗe a Ansbach da Nuremberg da Bayreuth, aka kafa ta Meissen a 1710, kuma shan shayi da gahawa ya shigo gidajen masu hali, sai kofi mai duhu da nauyi ya zama tsohon yayi. Bayan fiye da shekara ɗari sai ra'ayi ya juya. A ƙarni na 19 Jamusawa suka shiga ɗokin tarihin kakanninsu, aka kafa babban gidan tarihin al'adun Jamus a Nuremberg a 1852, kuma bayan haɗewar ƙasar a 1871 duk mai abin hannu yana son ɗakin cin abincinsa ya yi kama da na mutanen da, da katakai masu duhu da tsofaffin kofuna a jere a kan kanta. Na asalin ba su isa ba, sai masana'antu irin ta August Saeltzer a Eisenach da ta Fleischmann a Nuremberg suka shiga yin sababbi a tsohuwar siffa, har da tsofaffin shekarun. Da yawa daga cikin masu sayen wancan lokaci sun san abin da suke saya, kayan ado suke nema. Ruɗanin ya zo ne daga baya, da kayan suka bi ta hannun magada da dillalai, har aka manta asalinsu. Shi ya sa a yau kwaikwayon ya fi na asalin yawa nesa ba kusa ba, kuma shi kansa ya haura shekara ɗari, ya yi dattin tsufa na gaskiya, abin da ke ƙara rikita mai saye.

Ranar da na fara riƙe na asali a hannuna, abin da ya fara jan hankalina shi ne lalacewarsa. Hancin Bitrus da gwiwoyinsa sun goge har ruwan ƙasan da ke ƙarƙashi ya leƙo, haka ma kafaɗun manzannin da ke kusa da mariƙi, inda yatsu suke gogawa, alhali launin da ke cikin lungunan riguna yana nan da ƙarfinsa. Da na bi fararen ɗigon da kan yatsana sai na ji su a tashe, kamar ƙwayoyin gero da aka manna, kuma ba su yi daidai da juna ba, wani ya fi wani girma, wani ya ɗan kauce layi. Ruwan zinariyar da aka yi wa kawunansu ya kusa ƙarewa, sai ɗan saura a gefe. Da na leƙa ciki sai ga zoben yatsun magini suna hawa daga gindi zuwa baki. Shekara ɗari uku na ɗauka da ajiyewa da wankewa suna barin sawu a inda hannu yake kaiwa, su ƙyale inda ba ya kaiwa, kuma mai tsufar da kaya da gangan yakan kasa kwaikwayon wannan tsari, sai ya goge ko'ina daidai wa daida ko kuma ya manta da wurin mariƙi.

To, a hotunanka na ga abubuwa uku. Na farko, launukan sun cika kowane tudu ba tare da gogewa ba, hatta hancin mutanen, kuma shimfiɗarsu ta yi santsi da yawa. Na biyu, fuskokin sun dushe, yatsun hannu sun haɗe, mabuɗin Bitrus da kyar ake gane shi. Wannan yana faruwa ne idan aka ɗauki hatimi daga jikin tsohon kofi maimakon a sassaƙa sabo, domin kowane kwafi yana rasa kaifi, kuma tun da yumɓu yana tsukewa da kusan kashi ɗaya cikin goma wajen bushewa da gashi, siffofin kwaikwayo sukan fito ƙanana fiye da na asali. Na uku shi ne murfin. Murafan ƙarni na 17 galibi shimfiɗaɗɗu ne ko masu ɗan tudu, da sauƙin ado, amma dogon murfi mai tsini kamar hasumiya, cike da adon zubi, ɗabi'ar ƙarni na 19 ce. Sai dai ina jan kunnenka a kan murfi, domin shi ne sashen da aka fi canjawa. Ana yin sa ne da kuza da aka gauraya da ɗan dalma, ƙarfe mai taushi, maƙalarsa tana karyewa, a kai wa maƙeri ya yi sabo. Akan samu tsohon kofi da sabon murfi, akan kuma samu dillalin da ya ɗauko tsohon murfi ya ɗora wa sabon kofi. Saboda haka murfi shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai ya haɗu da sauran shaidu, kuma a naka ya haɗu da su.

Akwai abubuwan da kai za ka duba da kanka, waɗanda hoto bai nuna mini ba. Nemi alamar awo kusa da baki ko mariƙi, irin 1 L ko 0,5 L. An ƙirƙiro lita a Faransa a 1795, Jamus kuma ta karɓi wannan awo a 1872, don haka kofin 1665 ba zai ɗauke ta ba. Juya gindin ka ga ko an buga sunan ƙasar da Turanci, domin wannan al'ada ta biyo bayan dokar Ingila ta 1887 da ta Amurka ta 1890 ne, waɗanda suka tilasta a nuna ƙasar da kaya suka fito. Shafa gefen kofin daga sama zuwa ƙasa ka ji ko akwai siririn layi a tashe, alamar an zuba shi ne a mazubi mai ɓari biyu, ba a kan faifan magini aka ja shi ba. Idan akwai wani ɗan ɓalli a gindi ko baki, dubi naman cikinsa: na asali matsattse ne mai ƙarfi, idan kuwa ka ga ja mai gari-gari wanda ke tsotse ɗigon ruwa, to yumɓu ne mai ƙaramin gashi, kuma wasu masu kwaikwayo da shi suka yi aiki. Buɗe murfin ka duba cikinsa, tsofaffin maƙera sukan buga tambarin gari da na maigidan maƙera, kuma akwai kundayen da masana ke bin waɗannan tambura da su. Idan ka samu ɗaya daga cikin alamomi biyun farko, magana ta ƙare. Idan ba ka samu ko ɗaya ba, to a kai shi hannun masani ya riƙe, ya haska shi da fitilar da ke tona gyara da sabon fenti, domin bambancin kuɗin ba ƙarami ba ne: na asali mai lafiya yana kai dubban Yuro a wurin gwanjo, kwaikwayo kuwa ɗan kaso ne na wannan.

Ba na son ka ɗauka ka yi asara. Kofin ƙarshen ƙarni na 19 tsohon kaya ne mai tarihinsa, an zana shi da hannu, akwai masu tara irinsa musamman, kuma idan kuɗin kasuwar tsofaffin kaya ka biya, da wuya a ce an cuce ka. Abin da nake roƙonka shi ne idan za ka sayar wata rana, ka faɗa wa mai saye abin da ka sani, domin da yawa daga cikin ruɗanin da ke wannan fage shirun masu sayarwa ne ya haifar da shi.

Game da sha, an yi waɗannan kofuna ne don giya, wannan shi ne asalin amfaninsu a ƙasarsu, kuma kai ka san matsayinka a kan ajiye shi da kuma siffofin da ke jikinsa. Ta fuskar lafiya kuwa shawarata ita ce kada a sha komai da shi, na asali ne ko kwaikwayo. Garin gilashin da aka yi launin da shi yana ɗauke da dalma, ita ce ma take sa shi narkewa da wuta kaɗan, murfin ma yana iya ɗauke da ita, kuma abin sha mai tsami ko mai zafi yana jawo ta. Dalma tana taruwa a jiki, ta fi yi wa ƙananan yara illa, don haka a ɗaga shi inda hannunsu ba ya kaiwa.

Wanki kuma a yi shi da hankali. Na taɓa ganin kofin taurari da wata baiwar Allah ta jiƙa cikin ruwan zafi da sabulun wanke-wanke ta kwana, da safe ta bi shi da soson ƙarfe don ta faranta wa mai shi rai. Sauran zinariyar da ta rage ta tafi gaba ɗaya, mariƙin da aka taɓa liƙawa tun da daɗewa ya saki, murfin kuma ya koma fari fat da zane-zanen ƙarce. Buroshi mai laushi ya isa ya kawar da ƙura, idan da datti sai ƙyalle mai ɗan danshi, a shanya nan take, kada ruwa ya kwanta a maƙalar murfi. Kada ka goge duhun da ke kan kuzar, masu saye suna son ganinsa. Idan za ka ɗaga kofin, sa hannu ɗaya a gindi ɗaya a jiki, kada ka rataye nauyinsa a mariƙi ko murfi. Idan kuma bincike ya nuna na asali ne kana son fita da shi daga Jamus, ka fara tambayar hukuma, domin dokar kare kayan tarihi ta 2016 ta sa wasu tsofaffin kaya sai da izini.

Tun da a kudancin ƙasar kake, garin Creussen yana da ƙaramin gidan tarihi na kofunansa, gidan tarihin Nuremberg da na ambata ma yana da su. Ka je da hotunan naka a waya, ka tsaya gaban kofin manzanni, ka nemi Bitrus, ka gwada mabuɗin hannunsa da na naka, sannan ka dubi hancinsa da gwiwoyinsa. Idan ka dawo ka aiko mini da hoton gindin kofin da na cikin murfin.